Edward Calvin Kendall

Edward Calvin Kendall (an haife shi ranar 8 ga watan Maris, 1886, ya rasu ranar 4 ga watan Mayu, 1972) masanin ilimin sinadarai ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Asibitin Mayo da ke birnin Rochester a jihar Minnesota. Shi ne mutum na farko da ya tace tayiroksin tsantsarsa a shekarar 1914, wato homon ɗin da gilan ɗin tayirod da ke gaban maƙogwaro ke fitarwa. Daga baya ya ware kotizon daga gilan ɗin adirinal da ke saman ƙoda. Wannan aiki na biyu ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 1950, tare da Philip Hench da Tadeus Reichstein.

Homon sinadari ne da wani sashen jiki ke zubawa cikin jini domin ya kai saƙo ga wasu sassa, gilan kuma shi ne ƙullin naman da ke haɗa shi. A zamanin Kendall an san abin da waɗannan sinadarai ke yi wa jiki, amma ba a san hanyar da suke bi ba. Bayan rasuwarsa aka tabbatar cewa duka biyun suna aiki ne ta hanyar wasu furotin da ake kira makarɓan homon na cikin cibiya, waɗanda ke kunna ƙwayoyin gado ko su kashe su. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke samar da waɗannan makarɓa su ne THRA da THRB ga homon ɗin tayirod, sai NR3C1 ga dangin kotizon.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kendall a garin South Norwalk da ke jihar Connecticut. Mahaifinsa, George Kendall, likitan haƙori ne. Ya yi karatun jami'a gaba ɗaya a Jami'ar Columbia da ke New York, inda ya samu digiri na farko a 1908, na biyu a 1909, sannan digirin digirgir a ilimin sinadarai a 1910. Binciken da ya yi a ƙarƙashin Henry Sherman ya shafi amiles, enzayim ɗin da ke narkar da sitaci a cikin hanji.

Da kammala karatu ya kama aiki a kamfanin harhaɗa magunguna na Parke-Davis da ke Detroit, inda aka ɗora masa nauyin gano sinadarin da ke aiki a cikin gilan ɗin tayirod. Watanni kaɗan ya yi a can ya bar kamfanin, amma bai bar tambayar ba. A 1911 ya koma Asibitin St. Luke's da ke New York, ya ci gaba da binciken har tsawon shekara uku. A nan ne ya inganta hanyar auna aidin a cikin nama, wadda ta zama ma'aunin da ya dogara da shi a duk aikin da ya biyo baya.

Tace tayiroksin

Kafin Kendall ya fara, likitoci sun riga sun san abubuwa biyu game da tayirod. A 1891 George Murray a Ingila ya yi wa wata mata mai fama da ƙarancin aikin gilan ɗin magani da ruwan tayirod ɗin tumaki, ta kuma samu sauƙi. Bayan 'yan shekaru Eugen Baumann a Jamus ya gano cewa gilan ɗin yana ɗauke da aidin mai yawa. Abin da ya rage shi ne a fitar da ainihin sinadarin daga cikin naman.

A farkon 1914 Kendall ya koma Asibitin Mayo, inda aka ba shi shugabancin sashen ilimin sinadaran jiki. Wurin ya dace da aikinsa, domin cutar maƙoƙo ta yi yawa a yankin manyan tafkunan Amurka saboda ƙarancin aidin a ƙasar noma, kuma Mayo na daga cikin manyan cibiyoyin yi wa masu maƙoƙo tiyata. Likita Henry Plummer, wanda ya ƙware a cututtukan tayirod, yana cikin waɗanda suka mara masa baya.

Hanyar Kendall ita ce dafa naman gilan ɗin da sinadarin soda mai ƙarfi har ya narke, sannan a riƙa raba shi kashi-kashi, ana bin duk kason da aidin ya fi taruwa a ciki. Ranar Kirsimeti ta 1914 ya samu sinadarin ya daskare ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri, alamar cewa ya fita tsantsa. Aidin ne kusan kashi 65 cikin 100 na nauyinsa. Maimaita aikin da yawa ya gagare shi har fiye da shekara guda, kafin ya gano cewa ƙarfen manyan tukwanen da ya koma amfani da su yana lalata sinadarin. Da ya gyara wannan, sai ya sarrafa kimanin tan 3 na tayirod ɗin aladu, ya samu giram 33 kacal. Gwajin da aka yi wa marasa lafiya a Mayo ya nuna cewa wannan ɗan ƙaramin abu yana yin duk aikin da naman gilan ɗin ke yi.

Kendall ya raɗa wa sinadarin suna tayiroksin, amma ya yi kuskure wajen bayanin yadda aka gina shi. Ya ɗauka cewa ƙwayar aidin uku ce a jikinsa, kuma ya kafe a kan wannan ra'ayi shekaru da dama. Charles Harington a Landan ne ya warware matsalar a 1926, inda ya nuna cewa aidin huɗu ne, kuma tushen sinadarin shi ne tayirosin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. A 1927 Harington da George Barger suka haɗa tayiroksin a ɗakin gwaje-gwaje ba tare da naman dabba ba. Nau'in da ake haɗawa a yau, levothyroxine, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sanin cewa aidin ne ginshiƙin homon ɗin ya bayyana dalilin yawancin maƙoƙo, cutar da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa da sauran sassan duniya: idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, gilan ɗin yakan kumbura yana ƙoƙarin cike giɓin. Suwizalan ta fara saka aidin a gishirin miya a 1922, Amurka ta bi a 1924.

A ƙarshen shekarun 1920 Kendall ya juya ga gulutatayon, sinadarin da Frederick Gowland Hopkins ya gano a Ingila a 1921. Shi da abokan aikinsa sun tace shi a 1929, sun kuma taimaka wajen tabbatar da cewa tubalan furotin uku ne suka haɗu suka gina shi.

Binciken gilan ɗin adirinal

Gilan ɗin adirinal guda biyu ne, kowanne a saman ƙoda ɗaya. Cikinsa yana fitar da adirinalin, wanda aka tace tun 1901. Ɓawonsa kuwa ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A 1855 Thomas Addison, likita a Landan, ya bayyana cutar da ke ɗauke da sunansa, wadda ke faruwa idan gilan ɗin ya lalace: kasala mai tsanani, rama, faɗuwar jini, duhun fata, daga ƙarshe mutuwa. An kuma ga cewa dabbar da aka cire wa gilan ɗin biyu ba ta daɗewa take mutuwa. A 1930 masu bincike a Princeton da Buffalo suka samar da ruwan ɓawon adirinal da ke raya irin waɗannan dabbobi, daga nan gasar gano sinadarin ta ɓarke.

Kendall ya shiga gasar a daidai wannan lokaci. Matsalarsa ta farko ita ce kayan aiki, domin homon ɗin da ke cikin kowane gilan bai taka kara ya karya ba. Sai ya ƙulla yarjejeniya da tsohon kamfaninsa, Parke-Davis: su kawo masa adirinal ɗin shanu daga mayanka, shi kuma ya tace musu adirinalin da suke sayarwa, ya riƙe saura. A tsawon shekarun binciken, ɗakin gwaje-gwajensa ya sarrafa kimanin tan 150 na gilan ɗin.

A 1934 ya ba da sanarwar cewa ya tace homon ɗin ɓawon adirinal, amma daga baya ta bayyana cewa abin da ya samu gauraye ne. Ɓawon yana fitar da sinadarai da yawa masu kama da juna, dukansu daga dangin sitiroyid. Kendall ya riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya yana laƙaba musu haruffa, daga A zuwa F. Sinadarin E, wanda ya samu a tsakiyar shekarun 1930, shi ne aka sani daga baya da kotizon, F kuma shi ne kotizol. A daidai wannan lokaci Tadeus Reichstein a Suwizalan, da Oskar Wintersteiner da Joseph Pfiffner a Jami'ar Columbia, su ma sun ware wannan sinadari, kowa da harafin da ya ba shi. Kafin a gama, an fitar da kusan sitiroyid 30 daga ɓawon adirinal, akasarinsu a hannun Reichstein.

Yaƙin Duniya na Biyu da kamfanin Merck

A 1941 jita-jita ta isa Amurka cewa Jamus na sayen adirinal ɗin shanu daga Ajantina domin a yi wa matuƙan jiragen yaƙinta allurar da za ta sa su jure tashi sama sosai. Labarin ba gaskiya ba ne, amma ya sa gwamnatin Amurka ta saka haɗa homon ɗin adirinal cikin manyan ayyukan binciken lafiya na lokacin yaƙi. Jami'o'i da kamfanoni da dama suka shiga, sannu a hankali suka janye, aka bar Kendall da kamfanin Merck.

Hanyar da suka bi ta faro ne daga wani sinadari da ke cikin matsarmamar shanu. Wuri mafi wahala shi ne saka iskar oksijin a gurbi na 11 na ƙashin bayan sitiroyid, domin idan babu shi sinadarin ba ya aiki. A watan Disamba na 1944 Lewis Sarett, matashin masanin sinadarai a Merck, ya haɗa sinadarin E bayan matakai fiye da 30, ya samu miligiram 18. Gwajin sinadarin A a kan masu cutar Addison bai ba da sakamako mai kyau ba, abin da ya sanyaya wa mutane da yawa gwiwa. Kendall da masanan Merck suka ci gaba da gyara matakan, har zuwa 1948 aka tara 'yan giram na sinadarin E.

Haɗuwa da aikin Philip Hench

Philip Hench shi ne shugaban sashen cututtukan gaɓɓai a Mayo. Tun 1929 ya lura cewa masu amosanin gaɓɓai mai kumburi sukan samu sauƙi idan ciwon shawara ya kama su, haka ma mata idan suka samu juna biyu. Ya yi hasashen cewa jiki na samar da wani abu a waɗannan lokuta da ke kwantar da cutar, ya kira shi sinadarin X. A watan Janairu na 1941 shi da Kendall suka tattauna yiwuwar cewa sinadarin E ne, suka amince za su gwada idan an samu isasshe.

Sai ranar 21 ga watan Satumba, 1948 damar ta samu. An fara yi wa wata mata 'yar shekara 29, wadda cutar ta kwantar, allurar miligiram 100 a kowace rana. Cikin kwana uku zafin gaɓɓanta ya ragu ƙwarai, cikin mako guda ta fita sayayya cikin gari da ƙafarta. Hench da likitoci Charles Slocumb da Howard Polley suka faɗaɗa gwajin. A wasu lokuta sukan musanya maganin da allurar kolestarol ba tare da marar lafiya ya sani ba, sai ciwon ya dawo. A watan Afrilu na 1949 suka bayyana sakamakon da suka samu a kan marasa lafiya 14. A wannan shekara ne Kendall da Hench suka sa wa sinadarin suna kotizon.

Jaridu sun yayata shi a matsayin maganin mu'ujiza. Tawagar Mayo kuwa ta ga iyakarsa tun da wuri. Kotizon yana danne kumburi ne, ba ya kawar da cutar, da an daina ciwon ya dawo. Idan an daɗe ana amfani da shi yana jawo kumburin fuska, hawan jini, hauhawar sukari a jini, raunin ƙashi da rikicewar tunani. Waɗannan alamu sun yi kama da na cutar da Harvey Cushing ya bayyana a 1932, wadda jiki da kansa ke samar da kotizol fiye da kima.

Kyautar Nobel da ƙarancin maganin

A 1950, shekara biyu kacal bayan allurar farko, aka ba Kendall da Hench da Reichstein kyautar Nobel saboda gano homon ɗin ɓawon adirinal, ginin su da tasirinsu a jiki.

Maganin ya yi wuyar samu a lokacin. Ana buƙatar matsarmamar shanu kusan 40 domin maganin mutum ɗaya na yini guda, giram ɗaya kuma ya kai dala 200. Neman wani tushe ya kai masu bincike daga Amurka da Suwizalan har Afirka ta Yamma, inda suka riƙa tattara irin tsiron Strophanthus, wanda Hausawa ke kira kwankwani, ake kuma haɗa dafin kibiya da shi. An taɓa samun wani sinadari a irin tsiron mai ɗauke da oksijin a gurbi na 11, amma abin da aka riƙa samu bai kai a dogara da shi ba. Mafita ta fito ne daga wata doyar daji ta Meziko, wadda ake haɗa sitiroyid mai araha daga gare ta, da kuma binciken Durey Peterson da Herbert Murray na kamfanin Upjohn, waɗanda suka nuna a 1952 cewa wani nau'in fumfuna mai suna Rhizopus yana saka oksijin ɗin a mataki guda. Farashi ya faɗi, sannan aka samar da sababbin 'yan uwan kotizon masu ƙarfi, kamar prednisone a tsakiyar shekarun 1950, daga baya kuma dexamethasone.

Iyali, ritaya da rasuwa

Kendall ya auri Rebecca Kennedy a 1915, sun haifi 'ya'ya huɗu. Ya yi ritaya daga Mayo a 1951 yana da shekara 65, ya koma Jami'ar Princeton a matsayin farfesa mai ziyara, inda ya ci gaba da bincike a kan sitiroyid har ƙarshen rayuwarsa. A 1971 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Cortisone: Memoirs of a Hormone Hunter. Ya rasu a Princeton da ke jihar New Jersey ranar 4 ga watan Mayu, 1972, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 86.

Yadda sinadaran Kendall ke aiki a jiki

Samun homon tsantsa ya buɗe wata tambaya: ta yaya abin da ke yawo a ko'ina cikin jini yake sanin ƙwayar halittar da zai yi wa aiki, kuma me yake yi idan ya shiga? Amsar farko ta fito daga Elwood Jensen na Jami'ar Chicago, wanda ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa mahaifa na ɗauke da wani furotin da ke kama homon ɗin mata, wato estirojin, ya riƙe shi. A 1968 Allan Munck ya gano irin wannan makarɓi na dangin kotizon a ƙwayoyin halittar ɓera. A 1972, shekarar da Kendall ya rasu, Jack Oppenheimer da abokan aikinsa suka gano wuraren da homon ɗin tayirod ke maƙalewa a cikin cibiyar ƙwayar halitta, inda DNA yake.

An kuma gano cewa sinadaran Kendall biyu sai jiki ya sauya su kafin su yi cikakken aiki. Tayiroksin mai aidin huɗu, wanda ake kira T4, sai an cire masa aidin ɗaya ya zama T3. Jack Gross da Rosalind Pitt-Rivers ne suka gano T3 a Landan a 1952, kuma yana kama makarɓi da ƙarfin da ya ninka na T4 kusan sau goma. Kotizon ma da kansa ba ya kunna makarɓi, sai wani enzayim a hanta ya mayar da shi kotizol, wato sinadarin F na Kendall. Allurar 1948 ta yi aiki ne saboda hantar matar ta yi wannan juyi.

A 1985 tawagar Ronald Evans ta Cibiyar Salk a California ta fitar da jerin ƙwayar gadon makarɓin kotizol na ɗan Adam. A 1986 tawagar Evans da ta Björn Vennström a Heidelberg, kowace da kanta, suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna c-erbA, wadda aka fara sani ta dalilin wata ƙwayar cuta mai jawo wa kaji sankarar jini, ita ce ke samar da makarɓin homon ɗin tayirod. Makarɓan biyu sun yi kama da juna duk da cewa sinadaran da suke kamawa sun sha bamban. Daga nan aka fahimci cewa dangi guda ne babba. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 48 na wannan dangi, ciki har da makarɓan estirojin, testosteron da bitamin D. Jensen da Evans da Pierre Chambon na Faransa sun samu kyautar Lasker ta 2004 saboda wannan aiki.

Ƙwayar gado NR3C1

NR3C1 tana kan kuromosom na 5, kuma babban furotin ɗin da take samarwa yana da tubala 777. Ana samunsa a kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki. Yana da sashen da ke kama homon, da sashen da ke riƙe DNA da taimakon sinadarin zink, da sashen da ke kiran sauran furotin masu karanta ƙwayoyin gado. Idan babu homon, makarɓin yana zaune a wajen cibiya, wasu furotin na riƙe da shi. Da kotizol ya kama shi sai ya kuɓuce ya shiga cibiya.

Abin da yake yi a can ya danganta da irin ƙwayar halittar. A hanta yana kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙera sukari. A ƙwayoyin garkuwar jiki yana toshe furotin masu tayar da kumburi, kamar NF-κB. A ƙashi yana rage aikin ƙwayoyin da ke gini. A ƙwaƙwalwa da gilan ɗin fituwitari yana ba da umarnin rage samar da kotizol. Wannan ya bayyana abin da Hench ya gani: amfanin maganin da illarsa daga makarɓi ɗaya suke fitowa. Shi ne kuma dalilin da ya sa likitoci ba sa tsayar da irin waɗannan magunguna farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha, domin adirinal ɗinsa ya riga ya yi sanyi, yana buƙatar lokaci kafin ya farfaɗo. Haɗarin ya shafi masu shan dexamethasone don neman ƙiba ba da izinin likita ba, da masu shafa mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid, al'adun da ma'aikatan lafiya a Afirka ta Yamma ke gargaɗi a kai.

Makarɓin yana da muhimmanci tun kafin haihuwa. Ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado suna mutuwa jim kaɗan da haihuwa saboda huhunsu bai nuna ba. A 1972 Graham Liggins da Ross Howie a New Zealand suka nuna cewa ba mai juna biyu sitiroyid kafin haihuwar bakwaini yana rage matsalar numfashi ga jariri. A 2020 gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna cewa dexamethasone yana rage mutuwar masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A ƙoda akwai wani enzayim da ke yin akasin aikin hanta, yana mayar da kotizol kotizon. Hakan yana kare wani makarɓi ɗan uwansa, na ƙwayar gado NR3C2, wanda ke kula da gishiri da hawan jini, don kada kotizol ya mamaye shi.

Ƙwayoyin gado THRA da THRB

THRA tana kan kuromosom na 17, THRB kuma tana kan na 3. Makarɓin tayirod ya bambanta da na kotizol ta fuska ɗaya: yana zaune a kan DNA ko da babu homon, galibi tare da abokin tarayya mai suna RXR, yana danne ƙwayar gadon da ke ƙarƙashinsa. Idan T3 ya kama shi, sai ya saki furotin masu dannewa ya jawo masu kunnawa. Makarɓin THRA ya fi yawa a zuciya, ƙashi da ƙwaƙwalwa, na THRB kuma a hanta, fituwitari, cikin kunne da ido. Ta hanyarsu ne homon ɗin ke daidaita saurin ƙona abinci, ɗumin jiki, bugun zuciya, girman ƙashi da ginuwar ƙwaƙwalwar jariri. Irin waɗannan makarɓa ne ke sa talibambam ya rikiɗa ya zama kwaɗo.

A 1967 Samuel Refetoff ya bayyana wasu 'yan gida ɗaya masu maƙoƙo da kurumta, waɗanda jininsu ke cike da homon ɗin tayirod amma jikinsu ba ya amsa shi yadda ya kamata. A 1989 aka fara danganta irin wannan cuta da sauyi a THRB, a 2012 kuma aka samu mai ɗauke da sauyi a THRA, mai alamomi daban: gajarta, jinkirin girma da taurin ciki. Bambancin makarɓan biyu ya ba masu haɗa magani damar nufar ɗaya su bar ɗaya. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, wanda ke kunna makarɓin THRB a hanta, domin maganin wani nau'in ciwon kitsen hanta.

Lambobin yabo

Baya ga kyautar Nobel ta 1950, Kendall ya samu lambar John Scott a 1921, lambar Chandler ta Jami'ar Columbia a 1925, kyautar Lasker a 1949, da kyautar Passano a 1950. Ya kuma kasance mamba na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka.